Wasiyya: Abin da Alƙalaminka Ya Isar Maka da Abin da Sai Ka Nemi Masani

Jawabin da Sakataren Gidauniya ya gabatar a taron shekara-shekara na masu ba da gudummawa da kwamitocin masallatai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu aron dukiya, Ya kuma sanar da mu tun da wuri cewa zai karɓi abinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Ma'aji ya karanta muku lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, ba za mu maimaita ba. Mun zaɓi mu yi amfani da lokacin da aka ba mu a kan wata tambaya da ta yawaita a ofishinmu. Mutum zai zo ya kawo zakkarsa, bayan an ba shi rasit sai ya rage murya ya ce: "Malam, ina so in bar wa marayu wani abu bayan raina. In rubuta da hannuna ya isa, ko sai na je na biya lauya?" Muna so ku sani tun farko cewa muna da ruwa da tsaki a wannan magana, domin wani ɓangare na wakafin da muke kula da shi ta hanyar wasiyya ya zo mana. Saboda haka wajibi ne mu faɗa muku gaskiyar al'amarin, har da inda gaskiyar za ta rage abin da zai shigo hannunmu.

Za mu fara da abin da ya faru da mu, ba tare da ambaton suna ba. Wani dattijo ɗan kasuwa, wanda ya daɗe yana taimaka wa marayunmu, ya rasu. Bayan an yi sadakar uku, iyalinsa suka buɗe akwatinsa suka tarar da wata takarda da aka yago daga littafin rubutu na 'yan makaranta. A ciki ya rubuta da ajami cewa shagonsa guda na bakin kasuwa ya zama na marayu, a riƙa ciyar da su da kuɗin hayarsa. Babu kwanan wata, babu sunan shaida ko ɗaya. Duk 'ya'yansa sun yarda rubutun mahaifinsu ne. Amma wasu daga cikinsu suka ce tsohuwar takarda ce, kuma sun ji shi daga baya yana cewa shagon na ƙannensu ƙanana ne. Sauran suka ce ba su taɓa jin haka ba. Magana ta kai gaban alƙali, aka kira mu. Da muka ga yadda lamarin yake, muka janye hannunmu, shagon ya shiga cikin gado. Biyu daga cikin manyan 'ya'yan suka ba da wani abu daga kasonsu sadaka ga mahaifinsu, Allah Ya saka musu. Sai dai niyyar dattijon ba ta cika yadda ya so ba, kuma har yau akwai 'yan ɗaki biyu a gidan da gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Wasu sun zarge mu da sakaci a kan wannan janyewa. Amsarmu ita ce hukuncin a bayyane yake a littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil an bayyana cewa ko da an tabbatar rubutun na mamaci ne, matuƙar bai kafa shaidu a kansa ba, bai kuma ce a zartar ba, to ba a zartar da shi. Dalilin malamai kuwa mai sauƙin fahimta ne. Mutum kan rubuta abu yana cikin shawara da zuciyarsa, ya ajiye, daga baya ya sauya ra'ayi bai yaga takardar ba. Kafa shaidu ne ke raba tunani da yanke hukunci. Wannan dattijo bai yi asarar niyyarsa don ya ƙi biyan lauya ba. Abin da ya rasa shi ne mutum biyu adalai daga sahun farko na masallacinsu, waɗanda ba za su karɓi ko kwabo ba.

To kada wani ya ɗauka cewa da zarar an shiga ofishin lauya an tsira. Mun ga wasiyyar wani tsohon ma'aikacin gwamnati, an buga ta da kwamfuta, da hatimi da sa hannun shaidu, ba abin da ya rage ta fuskar tsari. Amma a cikinta an ba amarya gidan da iyali ke zaune, an raba sauran dukiya daidai wa daida tsakanin 'ya'ya maza da mata, an kuma bar iyayen mamacin babu komai alhali suna raye. Wanda ya rubuta ya ɗauko samfurin wasiyyar Turawa ne ya cike gurabe. Kuɗin da aka biya shi ya zama kafin alƙalami na wata doguwar shari'a.

Wannan matsala tana da tarihi a ƙasar nan. Dokar wasiyya ta Ingila ta shekarar 1837, wadda muka gada daga mulkin mallaka, ta ba mutum damar ya bar dukiyarsa duka ga wanda ya ga dama. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya bisa waccan doka, wasiyyarsa ta zauna ko da ta saɓa wa rabon gado na Musulunci. Hukuncin ya tayar da hankalin malamai da masana shari'a Musulmi. Daga baya wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara, suka yi nasu dokokin wasiyya da suka kiyaye matsayin shari'ar Musulunci a kan dukiyar Musulmi. A 2007, a shari'ar Ajibaiye, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dogara da dokar Jihar Kwara ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi saboda ta saɓa wa hukuncin Musulunci. Haka kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Abin lura a nan shi ne dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Wanda ke zaune a Kano amma yana da gida a Legas ko Fatakwal, dole ya san cewa takardarsa za ta iya faɗawa hannun alƙalin da bai taɓa buɗe Risala ba.

Idan muka haɗa waɗannan labarai biyu, za mu ga cewa tambayar da ake yi mana ta haɗa ayyuka daban-daban a buhu guda. Akwai aikin da ba wanda zai yi maka shi sai kai, kuma ba ya cin kuɗi. Akwai na malamin gado. Akwai kuma na lauya, wanda wasu ke bukata wasu ba sa bukata. Kafin mu rarrabe su, ya kamata mu tuna wa juna iyakar da shari'a ta yi wa wasiyya, domin yawancin kuskure daga nan yake farawa.

Wasiyya a Musulunci ba ta raba gado. Allah da kanSa Ya raba shi a aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i. Idan mutum ya rasu, ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya na musamman, kamar gonar da ke jingine, sai kuɗin jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada su raba saura. Ƙa'idoji biyu ne ke tsare wasiyya: ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga wanda zai ci gado. Asalin iyakar sulusi shi ne labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya kwanta ciwo a Makka a shekarar Hajjin Bankwana. Ya nemi izinin bayar da kashi biyu bisa uku na dukiyarsa, aka hana shi, ya nemi rabi, aka hana shi, sannan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarje masa sulusi, ya kuma nuna masa cewa sulusin ma da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo.

Bari mu buga misali da lissafi, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya ke tuntuɓe. A ƙaddara mutum ya bar dukiyar da ta kai naira miliyan 30 bayan an yi masa sutura, ana bin sa bashin miliyan 6. Abin da ya rage miliyan 24 ne, sulusinsa miliyan 8. Idan ya yi wasiyya da gidan da ya kai miliyan 12 ga marayu, abin da shari'a za ta zartar shi ne na miliyan 8 kawai. Sauran miliyan 4 haƙƙin magada ne. In sun yarda sun bari, a mazhabarmu ana ɗaukar hakan kyauta ce daga gare su, daga kason wanda ya yarda kaɗai. Yaro ƙarami ba ya da ikon yin wannan kyauta, waliyyinsa ma ba ya da ikon yin ta a madadinsa. Kuma ana auna sulusin ne da darajar dukiya a lokacin zartarwa, ba a ranar da aka yi rubutu ba. Gidan da yake ƙasa da sulusi a bana yana iya haura rabi nan da shekara 10 idan kasuwa ta juya baya. Shi ya sa muke shawartar mai son yin wasiyya da wani gida ko shago ya ƙara jimla guda, cewa idan darajarsa ta wuce sulusi a tsaya a sulusi. Muna kuma sanar da ku a fili cewa gidauniyar nan ba za ta karɓi abin da ya wuce sulusi ba matuƙar akwai maraya a cikin magada. Ba zai yiwu mu ƙwace daga bakin wani maraya mu sa a bakin wani ba.

Yanzu sai aikin da yake naka. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Malamai sun ce wannan yana zama wajibi a kan wanda ake bi bashi ko yake riƙe da amanar da ba wanda ya sani. Ku duba kuma ku ga cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Saboda haka ka samu littafi mai bango ka zauna ka rubuta. Wa ke bin ka, nawa, kuma na mene ne? Wa kake bi? Kayan wa ke cikin shagonka da ba ka biya ba? Adashi nawa ka ɗauka da saura zubi? Gonar wa ke hannunka jingina, taka kuma tana hannun wa? Shanu nawa ka ba makiyayi kiwo, a wace ruga, da wace alama? Wane fili ne ka saya da sunanka alhali kuɗin na ƙanenka ne da ke ƙasar waje? A waɗanne bankuna kake da asusu, a waɗanne kamfanoni kake da hannun jari?

Kada ka manta da haƙƙin matarka. Ragowar sadakin da ba ka cika ba bashi ne. Gwal ɗinta da ka sayar ka ƙara jari, da kuɗin gadonta da ka zuba a ginin gida, duk bashi ne in ba ta yafe ba. Ka rubuta su yanzu kana da lafiya, domin malamanmu suna tuhumar iƙirarin bashin da majinyaci ya yi wa magajinsa a ciwon ajali, saboda tsoron kada ya zama dabarar fifita wani a kan wani. Haka nan zakkar da ka yi sakaci da ita a shekarun baya. Ibn Abi Zaid ya ambata a Risala cewa idan mutum ya yi wasiyya da ita, ana fitar da ita daga sulusi, a gabatar da ita a kan sauran wasiyyoyi. Wanda ya fi wannan alheri shi ne ka fitar da ita gobe da hannunka, ƙofar ofishinmu a buɗe take.

A cikin wannan littafi ne kuma za ka ambaci wasiyyin da zai kula da 'ya'yanka ƙanana da dukiyarsu, bayan ka nemi yardarsa. A nan ne za ka tuna da waɗanda gado ba zai kai gare su ba: jikokin da mahaifinsu ya riga ka rasuwa alhali kana da wasu 'ya'ya maza, da yaron da ka riƙa tun yana goye, da agolan da ya tashi a gidanka, da hadimin da ya tsufa a hidimarka. Ƙasar Masar ta mayar da wasiyya ga irin waɗannan jikoki tilas a dokarta ta 1946. A nan, bisa mazhabar da kotunanmu ke bi, idan kakan bai rubuta musu ba, sai abin da baffanninsu suka ga dama. Da yawa daga marayun da ke cikin rajistarmu jikokin masu hali ne.

Idan ka gama, ka sa kwanan wata, ka sa hannu a kowane shafi, ka kira adalai biyu a zama guda, ka gaya musu cewa wannan wasiyyarka ce kuma kana so a zartar da ita, su ma su sa hannu a gabanka. Kada su kasance cikin magada ko cikin waɗanda za su amfana. A ƙarƙashin dokar 1837 da muka ambata, shaidan da aka yi wa wasiyya yana rasa abin da aka ba shi, a fiƙihu ma shaidar mai jawo wa kansa amfani abar tuhuma ce. Mai jin nauyin kada a san sirrinsa ya kwantar da hankalinsa, domin malamanmu sun halatta shaidu su shaida a kan takarda ko da ba a karanta musu abin da ke ciki ba. Ka ba wa amintacce kwafi guda, ka sanar da iyalinka inda take. Kana da ikon sauya ta ko soke ta duk lokacin da ka so, sai dai in ka yi sabuwa ka rubuta a ciki cewa ta shafe ta baya, ka karɓo tsohuwar ka yaga. Ka riƙa duba ta sau ɗaya a shekara, watan da kake fitar da zakka ya dace da haka.

Kafin shaidu su sa hannu, ka kai wa malamin da ya san ilmin gado ya duba. Ba kowane mai wa'azi ne ya san fara'id ba, fanni ne mai zaman kansa. Shi zai gaya maka wane ne magajinka a yau, wane ne aka katange, da ko abin da ka rubuta ya shiga gonar wani. Ga mutumin da dukiyarsa ita ce gidan da yake ciki, da gona, da 'yan dabbobi, da jarin kasuwa, duk a gari ɗaya, kuma iyalinsa suna zaman lafiya, wannan ya wadatar in Allah Ya yarda. Ba ma so talaka ya fasa rubuta wasiyya don yana jin sai mai kuɗin lauya ke yin ta.

Amma akwai wanda rowar kuɗin lauya a wurinsa ganganci ne, kuma galibin masu ba da gudummawa da ke zaune a nan suna cikin wannan rukuni. Idan kana da fili ko gida mai takardar mallaka ta gwamnati, ka tuna cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma sauya suna a kan takarda yana da matakan da sai wanda ya san su. Idan kana da kamfani mai rajista, ko abokan tarayya a kasuwanci, ko dukiya a wata jiha ko wata ƙasa, ko bashin banki da aka jingina gida a kansa, kana bukatar lauya. Haka idan a cikin danginka akwai waɗanda ba Musulmi ba, ko kana hango rigima tsakanin ɗakuna. Banki da kamfanin fansho ba sa sakin kuɗin mamaci don an nuna musu takardar hannu, sai da takardar kotu. Sunan makusancin da ka cike a fom ɗin banki ma bai mayar da shi mai kuɗin ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuɗin na magada ne duka. Wanda kuma bai bar bayanin asusunsa ba, ya sani cewa Dokar Kuɗi ta 2020 ta tanadi a mayar da ribar hannun jarin da ba a karɓa ba da kuɗin asusun da aka daina taɓawa tsawon shekara 6 zuwa wani asusun amana na gwamnati. Ana iya nemo su daga baya, amma wanda bai san da su ba, me zai nema?

Idan za ka ɗauki lauya, ka nemi wanda ya haɗa karatun shari'ar Musulunci da dokar ƙasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun daɗe suna yaye irinsu. Ka tambaye shi kai tsaye: wace doka ce ke aiki a jihar da dukiyata take? Za ka rubuta a fili cewa ni Musulmi ne kuma a raba abin da ya rage bisa shari'ar Musulunci? A ina za a ajiye takardar, a ofishinka ko a wurin magatakardan babbar kotu? Ku yi ciniki a kan ladansa tun kafin ya fara, kuma ka je masa da littafinka a shirye, domin hakan zai rage masa aiki ya rage maka kuɗi. Bayan ya gama, ka mayar wa malamin gado ya sake dubawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da ka ƙi biya sau ɗaya kana raye, marayunka ne za su biya shi ninki-ba-ninki a zirga-zirgar kotu, ga haya ta tsaya, ga gini yana lalacewa, ga zumunci ya yanke.

Game da wakafi, wanda littattafanmu ke kira hubusi, akwai bambancin da muke so kowa ya riƙe. Wakafin da ka yi kana da lafiya, ka fitar da shi daga hannunka ka damƙa wa masu kula da shi, ba a auna shi da sulusi, kuma ba ya shiga gado. Amma a mazhabar Malikiyya damƙawar sharaɗi ce. Idan ka ce gidan nan wakafi ne, ka ci gaba da karɓar hayarsa kana sawa a aljihu har ciwon ajali ya same ka, wakafin ya ɓaci, gidan ya koma gado. Wanda kuma aka rataya shi da mutuwa, ko aka yi shi a ciwon ajali, hukuncin wasiyya yake ɗauka. Sayyidina Umar ya yi wakafin gonarsa ta Khaibara yana raye da ƙarfinsa, ya shar'anta kada a sayar, kada a bayar kyauta, kada a gada, ya ambaci waɗanda za su amfana, aka rubuta, ya kuma sanya 'yarsa Hafsa ta kula da shi bayansa. Wanda ke da hali ya yi koyi da wannan. Zai ga amfanin abinsa da idonsa, ya gyara abin da ya karkace. Kuma a rubuta cikakken sunan da aka yi wa gidauniya ko masallaci rajista da shi, da lambar fili da iyakokinsa. "Masallacin unguwarmu" ba suna ba ne da ofishin filaye zai iya sawa a takarda, balle a unguwar da ke da masallatai biyar.

Iyayenmu na kwamitocin masallatai, akwai magana ta musamman gare ku. Masallatai da yawa kuɗinsu yana cikin asusun ma'aji na kansa, takardar filin kuma tana ɗauke da sunan wanda ya saya tun farko. Muna kyautata musu zato, amintattu ne. Amma ranar da ɗayansu ya rasu, a idon banki da kotu wannan dukiyarsa ce, kuma 'ya'yansa ba su da laifi idan suka ce ba su san komai ba. Ku yi wa masallatanku rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe asusu da sunan masallaci mai sa hannun mutum biyu ko uku. Kafin hakan ta samu, duk wanda ke riƙe da kuɗi ko takardar masallaci ya rubuta yau ya kafa shaidu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma idan wani ya zo zai yi wasiyya ga masallacinku, kada ɗan kwamiti ya zama shaida, kada kuma ku karɓi sa hannun majinyacin da hankalinsa ke kai-kawo. Ku nemo shaidu daga waje don ku tsare mutuncinku.

Mun san abin da ke hana mutane, ko da ba a faɗa ba. Ana jin kamar rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Sa'adu da muka ambata ya yi tambayarsa yana ganin ajali ya zo, a lokacin 'ya ɗaya gare shi. Ya warke, ya jagoranci rundunar Musulmi a Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya rayu fiye da shekara 40 bayan wannan rana. Takarda ba ta matso da ajali, rashinta ma ba ya jinkirta shi. Iyayenmu mata, wannan magana har da ku. Gwal da dabbobi da kuɗin adashi da gidan gado dukiyarku ce, kuna da sulusinku kamar yadda maza ke da shi, kuma ba a bukatar izinin kowa kafin mace ta yi wasiyya da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A namu ɓangaren, ofishin sakatare zai ci gaba da karɓar duk mai son a duba masa abin da ya rubuta, ba tare da biyan komai ba, ko da bai sanya gidauniya a ciki ba. Idan muka ga lamarinsa ya fi ƙarfin takardar hannu, za mu gaya masa ya nemi lauya, ba za mu ɓoye masa ba. Ma'aikatanmu ba za su zama shaidu a wasiyyar da gidauniya ke da rabo a cikinta ba. Muna roƙon limamai su ware huɗuba guda a wannan shekara a kan rubuta bashi da amana, kowane kwamiti kuma ya kawo mana rahoton matsayin takardun masallacinsa kafin taro mai zuwa.

Allah Ya jiƙan dattijon da muka ba da labarinsa, Ya ba shi ladan niyyarsa cikakke, Ya daidaita tsakanin 'ya'yansa. Allah Ya sanya albarka a dukiyarku da zuriyarku, Ya karɓi abin da kuka bayar, Ya sa mu cika da imani ba tare da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.